Muzurun Maƙwabciya da Kuɗin Adashi

Ni ba mai son mage ba ce. A gidanmu na Zariya mage tana nan ne kawai: ba wanda ya kawo ta, ba wanda ya raɗa mata suna, in ta kama ɓera a yaba mata, in ta saci kifi a bi ta da takalmi. Da wani ya ce mini wata rana zan tsaya a gaban likita gabana yana faɗuwa saboda fitsarin muzuru, da na ce a nema masa magani.

A lokacin muna zaune a Germantown, a Amurka, a hawa na biyu, ƙofarmu tana kallon ƙofar wata tsohuwar Baturiya da ta yi ritaya daga aikin gwamnati. Ba miji, ba ɗa, sai wani jibgegen muzuru ruwan toka da take yi wa magana kamar mutum. Tana da sunan da take kiran sa da shi, ni dai muzuru nake ce masa. Matar nan ta yi mini abin da ba zan manta ba. Ina aiki a ɗakin gwajin jini, kuma duk wanda ya san babbar hanyar mota ta 270 da yamma ya san ba a yi mata alƙawari. Ranar da cunkoso ya riƙe ni, ita take tarar 'yata a inda motar makaranta take sauke su, ta ba ta abinci, ta zaunar da ita ta yi aikin gida har na iso. Ta fi shekara biyu tana yi, ba ta taɓa karɓar sisina ba. Ni kuma duk Juma'a sai na kai mata kwanon abinci, in wani ya zo daga gida na ware mata turmin atamfa.

Ni ce kuma uwar adashin matanmu. Muna da ɗan yawa, wasu a Germantown, wasu a Beltsville, wasu can Woodbridge, Musulmi da Kirista, duk Hausa ce ta haɗa mu. Sun zaɓe ni ne saboda an san ni da riƙo. Maigidana yakan ce in kuɗi suka shiga hannuna sai sun yi sallama da duniya. Na buɗe wa adashin asusu na daban a banki, da katinsa, ban taɓa haɗa shi da nawa ba, kuma ina alfahari da hakan fiye da yadda ya kamata.

Wadda ta yi kwasa a farkon bazarar shekarar wata 'yar Jos ce da duk muke kira Anti. Ta girme ni da kusan shekara goma sha biyar, mijinta ya rasu, tana aiki a gidan kula da tsofaffi, tana ɗaga su tana kwantar da su har bayanta ya fara ba ta wahala. Ranar kwasarta ta ƙi karɓar kuɗin. Ta ce, "Ƙanwata, riƙe mini har Agusta. Kuɗin makarantar ɗana ne, zai shiga jami'a. In suna hannuna, waya biyu daga gida ta isa ta cinye su." Na ce ta kwantar da hankalinta, kamar suna cikin rijiya suke. Sun kusa dala dubu huɗu.

A wannan bazarar ce mahaifin maigidana ya kwanta ciwo. Maigidan ya tafi gida, ɗan abin da muka tara ya bi shi. Bai daɗe da tafiya ba maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa mini ƙofa idanunta jawur. Ƙanenta ya rasu a wata jiha mai nisa, cikin duwatsu, za ta je jana'iza. Ta ba ni makullinta, ta nuna mini inda abincin muzurun yake da akwatin yashin da yake kewayawa a ciki. Ta nuna mini wani kati da ta manna a jikin firji, ta ce, "Ba abin da zai faru, amma ko da wani abu, yana da inshora." Na danne dariyata. Muzuru da inshora, alhali kawuna da ya yi shekara talatin yana koyarwa ba shi da ita.

Ranar Asabar bayan azahar na shiga in zuba masa abinci, na tarar na jiya yana nan bai taɓa ba. Yana shiga akwatin yashin, ya tsuguna, ya daɗe, ya fito, ya sake komawa. Sai ya yi wani irin kuka da ban taɓa jin mage ta yi ba. Na duba yashin, a bushe yake ƙarau. Na daure na shafa cikinsa, na ji wani abu tauri kamar lemo, ya kai mini cizo. Ba likita ba ce ni, amma na yi aikin asibiti isasshe da zan san abin da ake nufi in fitsari ya ƙi fita.

Na kira wayarta, a kashe. Na sake kira, na bar saƙo. Na kira likitansa na kullum, na'ura ta amsa cewa sun rufe sai Litinin, mai larurar gaggawa ya tafi asibitin dabbobi da ba ya rufewa. 'Yata tana gidan wata ƙawata a ranar, don haka ni kaɗai na tura muzurun cikin kejinsa, ya yakushe ni a hannu, na ɗauko shi da ƙyar zuwa mota. Ina tuƙi yana kuka a baya, ina ce masa da Hausa ya yi haƙuri, ina kuma roƙon Allah kada wani ɗan gida ya gan ni.

Asibitin ya fi wanda aka haife ni a ciki tsabta. Yarinyar da ke kan teburin karɓar baƙi ta tambayi sunan maras lafiya, na faɗa mata, ta tambayi nawa, sai ta haɗa sunan muzurun da na mahaifina ta rubuta. Na buɗe baki zan yi magana, na ga ba lokacinsa ba ne. Suka shige da shi. Ba a jima ba likitar ta fito, wata doguwa mai magana a hankali. Ta ce hanyar fitsarinsa ce ta toshe, guba ta fara taruwa a jininsa, kuma tana iya tsayar masa da zuciya. Na tambaye ta ko zai kai Litinin. Ta ce ba zai kai ba. Sai an sa masa barci, an zura masa robar fitsari, an kwantar da shi kwana biyu ko uku ana ƙara masa ruwa.

Yarinyar teburin ta miƙo mini takardar ƙiyasin kuɗi mai lamba biyu a ƙasa, ƙarama da babba. Na karanta, na sake karantawa, don na zaci akwai ɗigon da idona bai gani ba. Ƙaramar ma ta haura dala dubu biyu. Ta ce sai an ajiye ƙaramar gaba ɗaya kafin su fara. Ban damu ba tukuna. Na zaro katin nan na jikin firji na ajiye mata da ƙarfin gwiwa, kamar yadda nake ajiye nawa in na je ganin likita.

Ta tura mini shi da yatsa ɗaya. Ta ce inshorar dabba ba haka take aiki ba. Su ba ruwansu da kamfanin. Mai dabba ne yake biya daga aljihunsa, ya aika da rasit, daga baya kamfanin ya mayar masa da abin da ya ga ya dace.

Na ce mata ai ba nawa ba ne, mai shi tana wajen jana'iza. Ta ce ta gane, ta kuma yi mini ta'aziyya, amma ƙa'idar ba ta canja ba. Na ce to nawa za su rage. Ta kalle ni kamar na tambaye ta hanyar Funtuwa. Ta ce akwai kamfanin da yake ba da rancen jinya nan take, ta ba ni waya na amsa tambayoyinsu a tsaye, suka ce tarihin bashina a ƙasar bai yi tsawon da za su yarda da ni ba. Katina na bashi kuwa ko rabin kuɗin ba zai ɗauka ba. Na fita waje na sake kiran tsohuwar, a kashe. Maigidana ban ma yi tunanin kiran sa ba. Mutumin da yake zaune a gefen gadon mahaifinsa ba a kiran sa a ce masa mage ba ta fitsari.

Da na dawo likitar ta ja ni gefe. Ta ce in kuɗin ba za su samu ba, akwai hanyar da ba ta da tsada, za su yi masa allura ya tafi ba tare da wahala ba, don barin sa haka zalunci ne. Ta ce sai dai na sa hannu. Matar da ta binne ƙanenta a makon nan, in tare ta a bakin ƙofa in ce mata na sa hannu an kashe mata abin da ya rage mata? Ga shi tun muna islamiyya aka tsoratar da mu a kan hakkin mage. Ina jiyo kukansa daga can ciki, ya fara dishewa.

Katin adashi yana cikin jakata, a aljihun da yake da zif. Na san yana nan tun da aka miƙo mini takardar, ina dai ta kauce wa tunanin ne. Na ce wa kaina: ranar Talata za ta dawo, mace ce mai fansho, za ta rubuta mini cak na banki, in mayar da kuɗin inda suke, Agusta kuma da saura. Amana biyu ce a hannuna, ɗaya tana numfashi, ɗaya tana kwance a banki. Na miƙa katin. Na kuskure lambobin sirrin har sai da yarinyar ta ce in sake dannawa.

Ya kwana uku. Ranar da na je ɗauko shi suka ƙara cirar wani abu a kai, jimla ta haura dubu uku. Suka haɗo ni da magunguna, da abinci na musamman, da wata roba mai kama da mazurari da suka sa masa a wuya don kada ya lashi kansa.

Maƙwabciyata ta dawo da yammacin ranar. Sai a filin jirgi ta kunna waya ta ji saƙonnina, ta shigo a ruɗe ko jakarta ba ta ajiye ba. Ta durƙusa a ƙasa da baƙaƙen kayanta ta rungume muzurun tana kuka, shi kuma yana ta buga mata mazurarin a fuska. Ni ma sai da na share hawaye. Da ta natsu ta zauna a kujera, ta buɗe jakar hannunta, ta ciro littafin cak da biro, ta ce, "Faɗa mini nawa kika kashe."

Abin da ya fito daga bakina Turanci ne, amma tarbiyyar Zariya ce ta yi magana. Na ce, "Haba, bar shi. Ba komai. Duk abin da kika yi wa 'yata fa?"

Duk wanda ya tashi a inda na tashi ya san ba ƙarshen maganar ke nan ba, farkonta ne. Mace tana cikin makoki, ba ka buɗe baki ka yanka mata kuɗi. Kai ka ce a bar shi, ita ta ce wallahi ba zai yiwu ba. Ka ce ta raina ka, ta ce kai ne ka raina ta. A ƙarshe ta tura kuɗin ƙarƙashin tabarma ta tashi, ko gobe ta aiko da su cikin kwano an rufe da faifai. Kowa ya fita da mutuncinsa, kuɗi kuma sun koma inda ya kamata. Haka na ga uwata tana yi, haka na yi da duk matan adashinmu, ba a taɓa samun kuskure ba.

Ta tsaya da biron a hannu tana kallo na. Ta ce, "Kin tabbata? Na san wuraren nan da tsada."

Na ce, "Na tabbata." Ina jiran ta matsa.

Ta rufe littafin cak ɗin, ta mayar da shi jaka, ta ja zif. Ta taso ta rungume ni, ta ce a rayuwarta ba wanda ya taɓa yi mata irin wannan. Ina tsaye a cikin hannuwanta, ƙamshin turarenta a hancina.

Washegari ta zo ta karɓi rasit, ta ce za ta aika wa kamfanin inshora. Sai na ji sanyi a raina. Na ce wa kaina ashe ta gane, tata hanyar ce daban: za ta jira su biya ta, ta kawo mini. Na shiga jira. Ta kawo mini kek da ta gasa da kanta. Ta kawo furanni. Ta saya wa 'yata littattafai. Duk ƙwanƙwasar da aka yi sai gabana ya faɗi, in buɗe in ga faranti. Har ɗaga kek ɗin na yi na duba ƙarƙashinsa, Allah ya gani. Muzurun kuwa ya murmure ya ƙara ƙiba, kullum yana kan taga yana kallo na in na dawo daga aiki, ni kuma ina harararsa.

Yuli ya raba. Maigidana in ya kira muryarsa a gajiye, jikin tsoho ba daɗi, ya tambayi gida in ce lafiya lau. Abinci ya daina yi mini daɗi. A wurin aiki sai da shugabata ta tambaye ni ko lafiya, don ta ga ina karanta lakabin kwalba ɗaya ina maimaitawa. Ran nan Anti ta kira ni tana murna, ta ce makaranta ta aiko da takardar biya, akwai ranar da in ba a biya ba za su cire sunan yaron daga darussan da ya zaɓa. Ta ce, "Kuɗina suna nan dai ko, uwar adashi?" Da wasa ta faɗa. Na ce, "Suna nan, Anti." Na ajiye wayar.

Maimakon na tsallaka ƙofa ɗaya na yi magana, sai na ɗauki mota na koma asibitin dabbobi da kwafin rasit, na ce a kira mini manaja. Na bi abubuwan ɗaya bayan ɗaya. Gwajin jinin nan na san abin da ake kashewa a kansa, aikina ne, me ya sa suka yi shi har sau uku? Me ya sa kwanan muzuru ya fi kwanan otal tsada? Manajan yana murmushi yana cewa ya fahimci damuwata, ni kuma murmushin ne yake ƙara tunzura ni. Na ɗaga murya har wani mai riƙe da kare ya matsa gefe. Ya juyo da takardar ya nuna mini sa hannuna a ƙasan lambobin nan biyu. A ƙarshe ya ce don a zauna lafiya zai cire kuɗin mazurarin wuya. Ko man da na ƙona zuwa wurin bai biya ba.

Na kira kamfanin inshorar. Bayan dogon jira wata murya mai daɗi ta ce ba za su iya tattauna komai da ni ba tunda ba sunana ne a kan yarjejeniyar ba. Na ce ai sunana ne a kan rasit, kuɗina ne suka fita. Ta ce ta fahimta, amma wanda ya sayi inshorar suke biya.

Saura kwana kaɗan ranar biyan makaranta na yi alwala, na yi salla, na ɗaura ɗankwali, na tsallaka. A wurinmu wanda ya yi kyauta ya dawo yana nema an san sunan da ake kiran sa da shi, kuma ba mai daɗi ba ne.

Ta buɗe ƙofa da fara'a, ta ce yanzu take shirin zuwa wurina, tana da albishir. Ta zaunar da ni. Ta ce kamfanin ya biya tun makon jiya, ba duka ba, sun cire kasonsu na farko da wasu abubuwan da suka ce ba sa ciki, amma sun biya fiye da rabi. Na ji numfashina ya dawo. Ta ce ta kwana tana tunani: kuɗin nan ba nata ba ne tunda ba ita ta kashe ba, ni kuma na ce ba na so, kuma ba ta son ta ɓata mini kyautata. Shi ya sa ta kai su gidan da ake kula da magunan da ba su da masu su, ta bayar da sunana. Ta ce za su rubuta sunan a bango.

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na ce, "Kuɗin ba nawa ba ne."

Ta ce, "Ban gane ba."

Na faɗa mata komai, a birkice, Turancina yana karyewa. Adashi, da Anti, da yaron, da ranar biya. Fuskarta ta yi ja, sannan ta yi fari. Ta ce, "Amma na tambaye ki. Biro yana hannuna. Na sake tambayar ki ko kin tabbata."

Na ce, "A wurinmu ba a tambaya. Ajiyewa ake yi a tashi."

Ta ce, "To ta yaya zan sani? Kin dube ni kin ce kin tabbata. Ni in mutum ya faɗa mini magana, yarda nake yi da shi."

Wannan ta yi mini zafi, don na ji kamar maƙaryaciya ta kira ni. Na ce mace mai shekarunta ta san ba wanda yake kyautar dala dubu uku a kan mage, tana ganin irin motar da nake hawa. Ta ce ita ma ta yi mamaki, amma ta zaci al'adarmu ce, ta ji tsoron in ta matsa za ta ci mini fuska. Na ce ta kira gidan magunan ta karɓo. Ta ce ba a yin haka, an riga an bayar, da wane ido za ta kalle su. Na ce ni da wane ido zan kalli Anti?

Muzurun ya zo yana goga jikinsa a ƙafata, na janye. Da ta sake magana muryarta ta canja, ta zama irin ta ofis. Ta ce jana'izar ƙanenta ita ta ɗauki nauyinta, abin da take da shi ranar da ta dawo ta riga ta biya bashin da ya bari da shi. Abin da inshora ta biya ta yarda hakkina ne, za ta riƙa ba ni kaɗan-kaɗan duk wata daga fanshonta. Sauran kuwa sai mun sake magana, don da an same ta da ta ce a sallame shi bayan kwana ɗaya a kai shi wurin likitansa mai sauƙi, ba wanda ya nemi izininta a kan kwana uku. Na ce na kira ta har yatsana ya gaji. Ta ce ta sani, ba ta ce laifina ba ne. Ta rubuta cak na abin da za ta iya a ranar, ta miƙo mini ba ta kalle ni ba. Wannan karon na karɓa. Na ciro makullinta daga cikin nawa na ajiye a kan tebur na fita.

Na haɗa cak ɗin da albashina na makon, da abin da ya rage a asusun adashi, da ɗan abin da katin bashina ya yarda ya ba ni. Na sayar da 'yan kunnena na zinariya a wani shago, suka auna suka ba ni abin da suka ga dama. Duk da haka akwai giɓi babba. Na yi tunanin zagayawa wurin sauran matan in ranta, amma na san kafin in kai gida na uku labari zai riga ni isa Beltsville inda Anti take, kuma ba na son Anti ta ji a bakin wani.

Na same ta da la'asar, ta tashi daga barci ke nan bayan aikin kwana, da zane ɗaure a ƙirji da ɗan bel ɗin da take sa wa bayanta. Ta yi murna da gani na, ta kawo mini ruwan sanyi da gyaɗa, ta tambayi jikin surukina, ta tambayi 'yata. A kan teburinta akwai sababbin zannuwan gado da bokitin wanki da ta saya wa yaron, ko ledarsu ba a cire ba. Muka gama gaisuwa har ta ƙare, ba sauran abin tambaya. Na ajiye ambulan a gabanta na ce, "Anti, ba su cika ba."

Ban ɓoye mata komai ba. Tana saurare, hannunta a kan gwiwa, ba ta katse ni ba ko sau ɗaya. Na so ta yi faɗa. Na shirya wa zagi, na shirya wa kuka, da ta ɗaga murya da na san yadda zan yi. Da na gama ta dubi ambulan ɗin.

Ta ce, "Mage."

Na ce, "E, Anti."

"Ranar da na kira ki, kika ce suna nan."

Na sunkuyar da kai. Na ce zan cika mata kafin ƙarshen Satumba ko me zan sayar. Ta ce makaranta ba ta san Satumba ba. Ta tambayi nawa ya rage, na faɗa mata. Ta ɗaga ido sama, leɓenta yana motsi, tana lissafi.

Ta ce, "Ya warke dai?"

Na ce, "Ya warke."

Ta ce, "To, mun gode Allah."

Ta dafa hannun kujera ta miƙe a hankali, ɗaya hannun a ƙugunta, ta ɗauko waya. Ina zaune ta kira shugabar wurin aikinsu. Da ladabi, cikin Turancinta mai taushi, ta ce ta tuna an ce ana neman wanda zai riƙa haɗa aikin rana da na kwana a makon nan da na gaba, a ɓangaren waɗanda ba sa iya tashi da kansu, ko an samu? Ta saurara. Ta ce e, ta san abin da likita ya ce game da bayanta, amma ya yi sauƙi sosai. Ta ce a rubuta sunanta a duka, har da Lahadi.

Ana duba mata jadawalin, ta rufe bakin wayar da tafin hannu ta juyo wurina. Ta ce, "Sha ruwanki mana, ƙanwata, ya huce."